Zabibi, kaset da sati takwas: ajin rage damuwa na asibitin Worcester

Ka ɗauka kai ne. Ciwon baya ya shekara bakwai yana cinka, an ɗauki hoto ba adadi, an yi maka aiki, kasha magani har cikinka ya fara ƙorafi, ga bacci ya ƙaurace ga saurin fushi har yaran gida sun fara laɓewa in sun ji takunka. Likita ya duba fayil ɗinka ya rasa me zai ƙara, sai ya rubuta maka 'yar takarda yace sauka ƙasan bene akwai wani aji da ake yi. Ka sauka ka tarar da mutum ashirin da wani abu an zagaye ɗaki da kujeru, wannan ciwon kai ne ya kawo shi, waccan hawan jini, wancan bai daɗe da tashi daga ciwon zuciya ba, wani kuma lafiyarsa lau a ido amma fargaba ta hana shi sakat. Malamin ba likita bane, ko farar riga babu a jikinsa. Ya zagaya ya ɗora wa kowa zabibi a tafin hannu, busasshen inabin nan da ake sakawa a kek, yace kar kowa ya ci tukuna, ku fara kallonsa kamar yau kuka fara ganin irinsa a duniya.

Wallahi in nine a wurin inaga tashi zanyi in kama gabana. Amma da haka ajin ke farawa, kuma har yau da haka yake farawa duk inda ake koyar da shi.

Wurin shine asibitin koyarwa na Jami'ar Massachusetts dake garin Worcester a Amurka, yamma da Boston, tafiyar kamar awa ɗaya a mota. Sunan garin a baki Wusta ake cewa, rubutun ne kawai yake da tsawo. Shekarar kuma 1979. Mutumin da ya buɗe ajin sunansa Jon Kabat-Zinn, haifaffen New York a 1944, ya gama digirin digirgir a jami'ar MIT a 1971 kan ilimin ƙwayoyin halitta, kuma malamin da ya duba aikinsa Salvador Luria ne wanda ya ci kyautar Nobel a 1969. Wato dai ɗan boko ne na ƙarshe, irin waɗanda ake sa ran zasu ƙare rayuwarsu a ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai tun yana ɗalibi ya faɗa cikin zaman natsuwa irin na mabiya addinin Buddha, daga baya ya zauna gaban wani malamin Zen, wani reshe na addinin, ɗan Koriya mai suna Seung Sahn, yana kuma koyar da motsa jikin yoga. A farkon 1979 ya shiga irin halwarsu ta sati biyu a wani gari Barre da bashi da nisa da Worcester, kuma shi da bakinsa yake bada labarin cewa a nan ne dabarar ta faɗo masa: tunda asibiti shine matattarar masu shan wahala, me zai hana a kai musu wannan horon can, a cire masa rigar addini, a koyar da shi da yaren da direban babbar mota da malamar firamare zasu gane.

Giɓin da ya hango na gaske ne. Asibiti ya iya karaya, ya iya tiyata, ya iya kashe ƙwayar cuta. Amma ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, irin wanda ba kashe ka zaiyi ba kuma ba barin ka zaiyi ba, ƙarshen maganar likita a kansa ita ce sai dai ka koyi zama da shi. To wa zai koya maka? Babu. A sallame ka kawai ka koma gida da ledar magani. Irin waɗannan mutanen Kabat-Zinn yace wa likitoci su turo masa, waɗanda sun gaji da ganinsu a layi. Kuma ya yi wayo wurin saka suna, bai kira abin da wani sunan Buddha ba, cewa yayi shirin rage damuwa da sassauta jiki, don babu wanda zai ji kunyar cewa yana da damuwa. Sai daga baya sunan ya koma MBSR, wato rage damuwa ta hanyar abinda Turawa ke kira mindfulness. Ni in zan faɗe shi da Hausa halarto da hankali zan ce, ka san inda hankalinka yake a wannan lokacin, da gangan, ba tare da kana yanke wa abinda ka gani hukunci ba.

Ba haka kawai ake shiga ba. Kafin a rubuta sunanka sai an zauna da kai kai kaɗai an faɗa maka gaskiyar abinda ke gabanka, kuma sharaɗin yanada nauyi. A zagayen farko-farko sati goma akeyi, daga baya aka tsaya a takwas. Kowane sati zama ɗaya na awa biyu da rabi. Wajen sati na shida akwai yini guda, kamar awa bakwai, da za'a yi shi shiru ba magana. Sannan babban abin, aikin gida: minti 45 kullum, kwana shida a sati, da kaset ɗin da aka naɗi muryar malamin, don lokacin ba waya ba intanet, rediyo mai kaset ce zaka danna. Na zauna na lissafa, aikin gidan kaɗai awa 36 ne, ka ƙara awa 20 na aji da wannan yinin, ka haura awa 60 cikin wata biyu. Ga mutumin da dama ƙorafinsa shine abubuwa sun masa yawa! Abinda Kabat-Zinn ke faɗa musu a takaice shine ba dole sai kunji daɗin abin ba, ku dai kuyi, in sati takwas ya cika sai ku faɗa mana ko yanada amfani ko shirme ne.

Mu koma kan zabibin. Za'a ce ka kalli ƙudundunewar fatarsa da inda haske ke sheƙi a jikinsa, ka murza shi tsakanin yatsu, ka kai shi hanci, wasu malaman har kunne suke cewa a kai, sannan ka lura da yadda hannunka ya san hanyar baki da kansa, da yadda yawu ya taru tun kafin ya taɓa harshe. Ka ɗora a harshe kar ka tauna. Sannan cizo ɗaya. Abu ne da zai ci minti biyar ko fiye a kan abinda ka saba watsa goma a baki lokaci guda. Ni na gwada da dabino ɗaya bayan magariba, kuma abinda ya bani mamaki ba zaƙin bane, a'a, sau nawa hankalina ya gudu cikin wannan ɗan lokacin, ya je kan kuɗin makarantar yara ya dawo, ya je kan wata magana da aka faɗa min tun shekaranjiya wadda sai yanzu nake shirya amsarta, dabinon na bakina amma ni bana nan. Darasin kenan gaba ɗaya, babu wani sirri a cikin zabibi. Wasu masu bincike biyu a Harvard, Killingsworth da Gilbert, sun bi mutum 2,250 ta manhajar waya a 2010 suna tambayarsu lokaci-lokaci me kake yi kuma ina tunaninka, sai ya fito kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan hankalin mutane ba ya kan abinda suke yi, kuma a irin lokutan sun fi rashin jin daɗi.

Sati biyun farko aikin gidan kwanciya ne. Ka kwanta rigingine, muryar kaset ta ɗauke ka daga yatsun ƙafar hagu, tafin ƙafa, dunduniya, idon sawu, a hankali a hankali har tsakar ka, kowane wuri ka tsaya kaji me ke wurin, ɗumi ne, sanyi ne, tsami ne, ko ba komai. A aji kam ba'a rasa mai yin minshari, kuma ba laifi bane, mutumin da ya daɗe bai samu bacci ba in ya kwanta shiru me kake tsammani. Masu ciwo kuma da yawa a nan suke fara jin haushi, saboda shekara da shekaru dabararsu ita ce kauda kai daga wurin da ke ciwo, yanzu kuma ga wani yana cewa je ka wurin ka duba. Daga nan sai a shigo da zama a lura da numfashi, minti goma da farko ana ƙarawa, sai miƙe-miƙen jiki mai sauƙi wanda har mai keken guragu zai iya nasa daidai gwargwado, sai tafiya a hankali kana jin ɗagawar ƙafa da saukarta. Akwai kuma takardar da ake cikewa a gida, sati ɗaya kullum ka rubuta abu guda mai daɗi da ya same ka da yadda jikinka yaji a lokacin, sati na gaba abu marar daɗi, can gaba kuma hirar da tayi maka wuya da wani.

Ƙa'idar zaman numfashin guda ɗaya ce kuma ita mutane suka fi kasa yarda da ita. Hankali zai gudu. In ka farga ya gudu, ka lura ina ya je, ka dawo da shi kan numfashi ba faɗa ba zagin kai. In ya gudu sau dubu ka dawo da shi sau dubu. Ba'a ce ka daina tunani ba, ba'a ce ka share ƙwaƙwalwa ba, wannan dawowar ita ce atisayen, kamar yadda ɗaga ƙarfe da sauke shi shine atisayen mai gina jiki.

To ta ina wannan zai taɓa damuwa? Jiki in ya hango hatsari yana sakin sinadarai irin su adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su ɗaure, numfashi ya koma sama-sama, an shirya ka ko dai kayi faɗa ko ka ranta a na kare. In kare ne ya biyo ka wannan rahama ce. Matsalar jiki ba ya bambance kare da tunanin kare. Mai gidan haya bai zo ba tukuna amma kai ka riga ka yi rigimar da shi sau ashirin a kan katifa, kuma kowane zagaye jikinka ya biya kuɗinsa. A littattafan mabiya Buddha akwai misalin kibiya biyu: ta farko ita ce ainihin ciwon, wannan ba yadda zakayi, ta biyun kuma kai kake harba wa kanka, wato shikenan na nakasa, haka zan ƙare, me yasa sai ni. Ajin bai yi alkawarin zare ta farko ba. Abinda yake horar da mutum shine ya riƙa kama lokacin da hannunsa ya kai kan ta biyun. Sati na huɗu da na biyar kusan duk a kan wannan ake tsayawa, bambancin zabura da mayar da martani bayan ka ankara, kuma dai-dai nan ne zumuɗin farko yake gushewa mutane su fara cewa ni fa banga canji ba.

Anan nake ganin amfanin taron, kuma ra'ayina shine rabin maganin yana cikinsa. Da kaset kawai aka bawa kowa aka ce jeka gida, da yawancinsu sati biyu zasu yi su jefa shi a durowa. Amma ka san ranar aji za'a zagayo kanka a tambaye ka ya aikin gida, ba don a kunyata ka ba, sai don haka tsarin yake. Malamin ba shawara yake bayarwa ba, tambaya yake, me ka lura da shi, a ina kaji shi a jikinka, sai me ya biyo baya. Sauran ɗalibai ma ba'a barinsu su koma masu wa'azi da bada magani. To kana zaune sai kaji wata tace ni duk lokacin da na kwanta sai jerin ayyukan gobe ya taso min, wani yace ni haushin muryar kaset ɗin ma nake ji, dariya ta ɓarke, kai kuma da ka ɗauka kanka ne kaɗai ya lalace sai ka gane ashe kan kowa haka yake. Kuma da gangan ba'a ware mutane bisa cutarsu ba. In ka tara masu ciwon baya zalla hirar ciwon baya za'ayi, wane likita wane allura. In ka cakuɗa su da mai ciwon daji da mai fargaba da mai ciwon kai, abinda ya haɗa su kawai shine suna da jiki da hankali kuma suna shan wuya, sai hirar ta koma can. Ga kuma abinda ba sai an faɗa ba, mai ƙorafin cunkoson aiki yana kallon wanda aka bawa watanni yana zaune yana lura da numfashinsa.

Yinin shirun nan kuwa har tsofaffin ɗalibai ake gayyata su dawo, ɗaki ya cika, ba magana ba haɗa ido, abincin rana ma kowa shiru zai ci nasa. Wasu suna fitowa suce basu taɓa samun hutu irinsa ba, wasu suce kamar kurkuku.

Sakamako fa? A 1982 Kabat-Zinn ya fitar da rahoton farko a kan mutum 51 masu ciwo mai naci waɗanda maganin asibiti bai musu ba, akasari baya, wuya, kafaɗa da ciwon kai. Bayan sati goma, kashi 65 cikin 100 ma'aunin ciwonsu ya sauka da aƙalla kashi ɗaya bisa uku, rabin mutum 51 ɗin kuma ya sauka da rabi ko fiye. Lambobin sunyi kyau amma gaskiya rahoton yanada rauni babba, babu wani rukuni na gefe da aka kwatanta da shi, mutanen su suka yarda suka shiga, su suka bada maki da bakinsu, kuma wanda ya koyar shine ya auna. Mai shakka zai iya cewa ai ko shayi kuka tara su kuna sha duk sati ana sauraronsu zasu ji sauƙi, kuma ba za'a ce yayi ƙarya ba. A 1992 an sake fitar da wani a kan mutum 22 masu cutar fargaba, 20 suka samu sauƙi, shima dai ƙaramin adadi ne kuma ba abokin gwami. Abinda ya fitar da ajin duniya ma ba waɗannan bane, littafin da ya rubuta a 1990 ne da kuma wani shirin talabijin na ɗan jarida Bill Moyers a 1993 da ya shiga ajin da kyamara.

Gwajin da ya amsa sunansa sai daga baya wasu da ba su suka ƙirƙiro abin ba suka yi. A 2016 a yankin Seattle an ɗauki mutum 342 masu ciwon baya mai naci aka raba su uku ta hanyar ƙuri'a, wasu wannan ajin, wasu ajin gyaran tunani da ɗabi'a na masana halayyar ɗan adam, wasu kuma kulawar da aka saba. Bayan sati 26, kusan kashi 60 na 'yan ajin natsuwa sun samu ci gaba na a zo a gani wurin iya harkokinsu, ajin gyaran tunani kusan 58, kulawar da aka saba 44. Wato yafi zama haka nan, amma bai fi ɗayan ajin ba, kunnen doki sukayi. Kuma kusan rabin mutanen ne kawai suka halarci aƙalla zama shida cikin takwas. A 2022 kuma wata likita a Jami'ar Georgetown, Elizabeth Hoge, ta gwada shi da maganin fargaba escitalopram a kan mutum 276, bayan sati takwas sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu kusan ɗaya ne, sai dai masu shan ƙwayar sun fi kokawa da illoli irin su tashin zuciya da kasala. Wannan fa ba lasisin ajiye magani bane, ko a Worcester ɗin ajin ƙari ne a kan kulawar likita, kuma shi yasa ake tantance mutane tun farko, don wanda ya taɓa shiga wani mummunan tashin hankali zaman shiru da rufe ido kan iya taso masa da abinda yake gudu, wasu fargabar ma ƙaruwa take.

Nasan tambayar da ke zuciyar da yawa daga cikinmu, ya matsayin abin tunda tushensa addinin Buddha ne. Tushen kam haka yake, ba'a ɓoye ba, asalin kalmar mindfulness a harshen Pali, tsohon harshen littattafansu, ita ce sati kuma ma'anarta ta farko tunawa. A ajin asibitin dai babu gunki babu addu'a babu wanda ake kira, numfashi ne da jiki, har wasu mabiya Buddha suna sukar sa cewa an yanke reshe an bar saiwa, an maida hanyar tsira ta koma dabarar jure wahalar ofis. Hukunci kuma na malamai ne, ni ba mufti bane. Abinda zan iya cewa kawai matsalar da ajin ke fama da ita ba baƙuwarmu bace, duk wanda ya taɓa kabbara salla ya tsinci kansa a kasuwa, ya rasa raka'a ta uku yake ko ta huɗu har sai da yayi ƙabli ko ba'adi, ya san gudun hankali, kuma malamanmu sun daɗe suna magana a kan halartowar zuciya. Manufar ce ta bambanta, can neman sauƙin ciwo ake, nan kuma ibada ce.

Sai kuma inda aka ɗauki abin aka kai shi wurin da sharuɗɗan Worcester basu bi shi ba. A Birtaniya masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oxford sun yi wani gagarumin gwaji mai suna MYRIAD, makarantun sakandare 84, yara sama da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14, malaman makaranta aka horar suka koyar da darussa goma a cikin aji kamar kowane darasi. Da sakamakon ya fito a 2022, babu wani bambanci a lafiyar ƙwaƙwalwar yaran idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba da darussan da suka saba, har akwai alamar cewa yaran da dama suke cikin haɗarin shiga damuwa bai musu daɗi ba. Ba su suka nema ba, babu wanda ya zauna da su ɗaya-ɗaya ya tambaye su ko sun shirya, babu ciwon shekara bakwai da ya koro su, da yawansu cewa sukayi darasin gundura ne, aikin gidan kuwa mafi yawansu ko taɓa shi basuyi ba. Waɗanda suka ɗan ji sauƙin gajiyar aiki a gwajin su ne malaman da aka fara yi wa nasu kwas ɗin na sati takwas kafin su koyar, shima da aka dawo bayan shekara aka sake aunawa ya dushe.